Kofin Da Nake Mayarwa A Cike

Kun daɗe kuna tambayata a ƙarƙashin rubutuna me ya sa nake jan ƙafa a kan maganar aurena, alhali mutumin ba shi da wani aibu. Wata ma ta rubuto min cewa, "'Yar'uwa, in ba kya so, turo mana lambarsa." Na yi dariya ranar, amma dariyar iya leɓe ta tsaya. To, yau zan faɗa muku. Na san in kun gama karantawa wasunku ba za su ƙara ce min 'yar'uwa ba, kuma ba zan ga laifinku ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da shida, ina aiki a kantin sayar da magani. Babana dattijo ne a cocinmu, irin dattawan nan da in suka yi gyaran murya har mai ganga sai ya sassauta hannu. Mama tana cikin zumuntar mata. Ni kuwa ina koyar da yara ran Lahadi, ina share majami'a ran Asabar, kuma ni ce mai wanke kofunan Jibin Ubangiji. Duk uwar da za ta yi wa 'yarta faɗa a cocin nan, da ni take ba da misali. Mu biyu iyayenmu suka haifa, ni da Yaya. Yaya ya rasu shekara biyu da wata uku da suka wuce.

Bari in gaya muku yadda ake Jibin a wurinmu, don a nan maganar take. Lahadin farko na kowane wata ake yi. Akwai tire mai ramuka, ƙananan kofuna na ruwan inabi a jere a gefe, gutsattsarin burodi a tsakiya. Ana miƙa tiren daga bakin benci, kowa ya ɗauka ya miƙa wa na kusa da shi, hannu zuwa hannu. Sai a riƙe har Fasto ya ce a ci, a sha tare. In an sha, kowa ya sa kofinsa a ɗan ramin da ke bayan bencin gabansa. Bayan an tashi ni nake bi da roba ina tattarawa.

Tun da Yaya ya rasu ban sha ba. Sau ashirin da bakwai ke nan.

Nakan ɗauka kamar kowa. Nakan kai kofin baki, in matse leɓena, in ɗaga kai kamar na haɗiye, in sauke shi a ɓoye cikin tafin hannu. Burodin kuma ya shige hankici. Wa zai gane? Mai tattara kofunan ni ce, mai wankewa ni ce. Nakan zubar da nawa a wurin wanke-wanke da ke bayan majami'a, in saki famfo a kai har jan ya ɓace. Kowane wata kafin a miƙa tiren Fasto yakan ja kunne, ya ce kowa ya binciki zuciyarsa, kada wani ya ci ya sha da ɓoyayyen zunubi ya jawo wa kansa hukunci. Mutane sukan sunkuyar da kai na minti ɗaya su ɗago. Ni ba na bukatar minti ɗaya, na san abin da ke ciki.

Yaya mai fenti ne. Dogo, mai barkwanci, in ya shigo gida sai Mama ta yi dariya har ta riƙe ciki. Yana da asma tun yana yaro, ga warin fenti, ga shi kuma ya faɗa shan giya. Baba ya yi faɗa, ya yi addu'a, ya kira Fasto, daga ƙarshe ya nuna masa ƙofa. Sai ya kama ɗaki ɗaya a bayan wani garejin gyaran mota. Ni nake kai masa inhela, abin shaƙar nan na masu asma, duk lokacin da nasa ya kusa ƙarewa. Shi ya sa yake ce min Likita.

Wata Lahadi ya zo bakin ƙofar coci a buge, takalmi ƙafa ɗaya, riga duk fenti, yana ihu, "Ku kira min Likita! Ku ce mata yayanta ya zo tuba!" Yaran ajina suna tsaye a wurin. Suka fashe da dariya, wasu har suna kwaikwayon tangaɗinsa. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ran Litinin ya turo min saƙo: "Likita, yi haƙuri da na jiya. Abin shaƙata ya kusa ƙarewa."

Ban amsa ba. Ran Talata na ɗauko sabon inhela a kantinmu na jefa a jaka. Ina iya biyawa ta wurinsa in na tashi aiki, tafiyar minti goma ce. Sai na ce a raina, bari ya ɗan jira, ya san ni ma ina da zuciya. Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce.

Ran Juma'a da ƙarfe huɗu na yamma ina cikin majami'a ina koya wa yara waƙa. Wayata ta yi rawa a kan benci. Yaya. Na katse. Ta sake, na katse. Karo na uku na katse, na juya wa yaran baya na rubuta masa:

"Maganinka yana jakata tun Talata. Ran da ka koyi mutunci ka zo ka karɓa. Kada ka sake kirana."

Na tura, na juyo na ci gaba da tafa hannu.

Wajen ƙarfe shida wani makanike ya same shi a bakin ƙofar ɗakinsa, tsohon inhela a hannunsa, babu ko ɗigo a ciki. Wayarsa ta faɗa cikin bokitin da yake jiƙa burushin fenti, ta mutu. Kafin a kai shi asibiti ya cika.

A wurin zaman gaisuwa Mama ta riƙe hannuna tana gaya wa duk wanda ya shigo, "Kowa ya juya masa baya, har da ni uwarsa, ban da autata. Da ya samu ya kira ta, da ko a ƙafa sai ta ruga." Ina zaune kusa da ita, jakar tana kan cinyata, maganin yana ciki. Na goge kiran, na goge saƙon daga wayata. Inhelan ne na kasa yarwa. Yana ƙasan akwatina, cikin wata tsohuwar safa, ko ledarsa ba a ɓare ba.

Daga nan ne na zama yarinyar kirkin da ake misali da ita. Da can ba ni nake shara ba, ba ni nake wanke kofuna ba. Ni na roƙa a ba ni. Na ƙara azumi, na ƙara zuwa addu'ar safe, na riƙa ziyarar marasa lafiya har ƙafata ta kumbura. Ina tunanin ko wata rana zan yi aikin da zai kai nauyin abin da na yi. Ban taɓa jin ya ragu ko kaɗan ba. Duk yabon da aka yi min sai ya zama kamar an ƙara min dutse a ka.

Sai ga Injiniya.

Kada sunan ya ruɗe ku, ko ƙofar makarantar injiniyoyi bai taɓa gani ba. Mai gyaran waya ne, yana da ɗan shago mai gilashi a bakin kasuwa. Ba ya yawan magana, rigarsa kullum a goge, aljihunsa kullum da ɗan sukudireba. Ƙarfe ɗayan rana ba ta wucewa sai saƙonsa ya shigo: "Malama, kin ci abinci?" In na ce e, ya ce, "Me kika ci?" In na yi ƙarya ya gane. Bara aka sa shi cikin masu hidima a coci, masu miƙa tire. Wata huɗu da suka wuce ya je ya sami Baba, Baba ya ce ya amince, saura bakina.

Ina son sa. Gara in faɗa a fili, kada ku ɗauka wani abu ne. In na hango shi daga nesa yana sunkuye a kan waya da ɗan madubinsa a ido, sai in ji zuciyata ta yi sanyi. Amma yarinyar da ya gani yake so ba ni ba ce. Waccan mai tsintsiya da kofuna yake so, ni kuma na san wadda ke ƙarƙashinta.

Ran Asabar, kwana takwas da suka wuce, na dawo daga shara, Mama ta kira ni ɗakinta. Ta shimfiɗa farin yadi a kan gado, mai ƙananan furanni da ke ƙyalli in haske ya taɓa su, tef na awo a rataye a wuyanta.

"Ajiye jakar nan ki tsaya in auna ki."

"Mama, ban fa ce e ba tukuna."

"Bakinki bai ce ba, idonki ya ce. Ɗaga hannu."

"Mama..."

"Babanki ya riga ya gaya wa dattawa. So kike a ce dattijon coci yana magana biyu? Ji yadda kika rame, ƙugu kamar na yarinya 'yar shekara goma. Wannan azumin naki sai ka ce ke kika kashe wani."

Tef ɗin yana zagaye da ƙirjina lokacin da ta faɗi haka. Ban san yadda ba ta ji bugun zuciyata ba.

Ta rubuta awon a bayan wata ambulan, sannan ta zauna bakin gado tana murmushi. "Akwai abin da na yi ban gaya miki ba. Na ba ɗana wayar Yayanki."

Tun da aka fara maganar auren, ɗana take ce wa Injiniya.

"Wace waya?"

"Wayarsa mana, da ke cikin durowata a naɗe a ɗankwali. Ya ce wani lokaci ko ta sha ruwa ana iya tayar da ita. Ina so ya ciro hotunansa a nuna ranar bikinki, kada a ce ba ya wurin. Kuma ko akwai muryarsa a ciki." Ta share ido da gefen zane. "Auta, muryarsa ta fara ɓace min. Ina ƙoƙarin tunawa sai in ji ba ta zuwa."

Na ce, "Allah Ya sa ta tashi." Da bakina na faɗa, ina roƙon akasin haka a zuciya. Ku duba irin mutumin da na zama.

Ran Talata ƙarfe ɗaya ta yi, babu "kin ci abinci?" Ƙarfe biyu, shiru. Ina ba wata tsohuwa maganin hawan jini saƙon ya shigo:

"Malama, wayar ta tashi. In kin tashi aiki ki biyo shago. Ke kaɗai."

Sau biyu na maimaita wa tsohuwar yadda za ta sha maganin, duk biyun ban ji abin da na ce ba.

Ƙarfe biyar na isa. Ya rage ƙofar shagon, ya jawo min kujerar roba. Wurin yana warin dalma, ƙananan kusoshi a cikin murfin kwalba, wayoyin mutane a jere kowace da takarda a manne. Wayar Yaya tana tsakiyar teburin a kan farin tawul, har yanzu da ɗigon shuɗin fenti a bayanta.

"Ba bincike na yi ba," ya ce. "Tana kunnuwa, saƙon ne a kan fuska. Shi ne na ƙarshe da ya shigo."

"Ya buɗe shi?"

Ya sunkuyar da kai yana gyara bakin tawul ɗin.

"Injiniya, ya karanta kafin ya mutu?"

"Ya buɗe."

Ban yi kuka ba. Shekara biyu ina lallashin kaina cewa wataƙila wayar ta riga ta faɗa bokiti kafin saƙon ya isa. Ashe ya gani. Maganata ce abu na ƙarshe da ya karanta a duniya.

"Goge shi," na ce. "Don Allah. Danna ɗaya ne. Ka ciro mata hotuna da murya, ka goge wannan da kiran."

"Na san danna ɗaya ne."

"To?"

"Sannan in miƙa wa Mama waya ina kallon idonta? In zauna a teburinta shekara talatin tana ce min ɗana?" Ya cire madubin daga goshinsa ya ajiye. "Malama, na daɗe da sanin akwai wani abu. Ban dai san mene ne ba."

"Ta yaya?"

"Kofin. Wata biyar da suka wuce matar Fasto ta tsayar da ke da magana, sai na ce bari in rage miki aiki, na tattara layinku. Benci na uku, kusa da bango, kofi ɗaya a cike. Na ce ko mantuwa ce. Wata na gaba na zuba ido. Kina ɗaga kai, amma maƙogwaronki ba ya motsi."

Kunya ta rufe ni daga kai har ƙafa. Duk dabarata ta shekara biyu, ashe mai gyaran waya yana kallon wuyana.

"Kuma da ka gani ka je wurin Baba?"

"Bayan na gani na je."

"Lallai ba ka da hankali."

"Wataƙila." Ya ɗan gyara zama. "Bari in tambaye ki. Me kike koya wa yaran nan ran Lahadi? Ina jin ki ta taga."

"Ba lokacin wannan ba ne."

"Faɗa min dai."

Na faɗa masa, da irin muryar da nake karanta takardar magani. Cewa dukanmu masu zunubi ne, babu wanda ya tsira. Cewa babu aikin kirkin da mutum zai yi ya wanke kansa. Cewa shi ya sa Yesu Ya zo, Ya ɗauki hukuncin a kan gicciye, Ya mutu, Ya tashi. Cewa duk wanda ya tuba ya ba da gaskiya gare Shi ya sami gafara, kyauta, ba ladan wahalarsa ba.

"To wannan na yara ne kaɗai?"

"Zunubinsu lasar sukari ne da ƙin wanke kwano. Ni wana na bari ya mutu, maganinsa yana jakata."

"In don masu lasar sukari kaɗai Ya hau gicciye, ai an yi wahalar banza."

"Kada ka yi min wa'azi."

"Ba wa'azi nake ba, ban iya ba. Abin da na gani nake faɗa. Shekara biyu kina shara kamar tsintsiya za ta yi abin da kike gaya wa yara ba ta iya yi. Kin yarda Ya gafarta wa kowa a cocin nan, har da ni, kuma ba ki san rabin abin da na yi kafin in zo ba. Naki ne kawai kika ce ya fi ƙarfinSa. Wannan ba tawali'u ba ne, Malama."

Haushi ya kama ni, don gaskiya ya faɗa. Na ce, "Kana tsammani ban roƙe Shi ba? Na roƙa har gwiwata ta yi kanta. Amma ina tashi daga addu'a Mama za ta ce autata ce kaɗai ba ta juya masa baya ba, ni kuma in yi shiru in karɓa. Kullum sabuwar ƙarya nake ɗorawa a kan tsohuwa. Wace irin tuba ce wannan?"

"To kin san abin da ya rage."

"Zai kashe ta."

"Ban sani ba. Ba zan ce miki zai zo da sauƙi ba." Ya naɗe wayar cikin tawul. "Na ce mata zan kawo ran Lahadi bayan sujada. Ba zan goge komai ba, ba kuma zan nuna mata komai ba. Amma za ta gani da kanta. Gara ta ji daga bakinki."

Na miƙe. Ina bakin ƙofa ya ce, "Maganar aurenmu tana nan yadda take, in kina so."

Wallahi da zagina ya yi, da na fi jin daɗi. Zagi na san inda zan ajiye shi. Wannan kuwa ban san yadda ake karɓarsa ba.

Laraba na je aiki na dawo kamar gawa. Saƙonsa ya shigo ƙarfe ɗaya daidai, "Malama, kin ci abinci?" Na daɗe ina kallon sa, ban amsa ba.

Ran Alhamis ba ni da aikin safe. Wajen ƙarfe goma Mama tana guga a ɗakinta, taga a buɗe, rediyo yana magana ƙasa-ƙasa. Farin yadin nan take gogewa kafin a kai wa tela. Na buɗe akwatina, na ciro safar, na shiga. Na zare inhelan na ajiye a kan teburin guga, kusa da hannunta.

Ta duba. "Wannan fa? Irin na Yayanki ne."

"Nasa ne."

Ta ɗauka ta juya shi. "Ko buɗewa ba a yi ba."

"Na ɗauko masa ran Talata. Ban kai ba. Ina fushi da shi saboda abin da ya yi a ƙofar coci." Muryata kamar ta wata. "Mama, ya kira ni ranar. Na katse. Na rubuta masa cewa maganin yana jakata, kada ya sake kirana."

Dutsen gugar yana zaune a kan yadin. Na ji warin ƙuna kafin ita ta ji. Na miƙa hannu zan ɗaga, ta riga ni. Ta ɗaga shi ta tsayar a gefe, ta kashe soket. Shatin dutsen ya fito a kan farin yadin, ruwan ƙasa, daidai kan furannin.

"Sau nawa?"

"Na'am?"

"Sau nawa ya kira?"

"Uku."

Ta gyaɗa kai a hankali. Ba ta yi ihu ba, ba ta ɗaga hannu ba. Na so ta mare ni, na ma matsa kusa don ta samu sauƙin yi.

"Kina zaune kusa da ni," ta ce, "ina gaya wa mutane. Kina riƙe da hannuna."

"E, Mama."

"Shekara biyu ina tambayar Allah me ya sa bai bar yaron nan ya kai hannu ga waya ba. Ashe ya kai."

Na durƙusa. "Mama, ki yafe..."

"Fita min daga ɗaki."

Na fita. Na ji ta murza makulli. Sai can na ji wani sauti da ban taɓa ji daga bakinta ba ko ranar da aka binne shi, kamar ana jan numfashi ta cikin tsumma. Na zauna a ƙasa a jikin ƙofar har ƙafafuna suka mutu.

Baba ya ji da yamma, ita ta gaya masa. Ya fito ya same ni a falo, ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa da bakin riga. Na jira hukuncin dattijo. Abin da ya ce kawai shi ne, "Ni na kore shi daga gidan nan." Ya mayar da tabarau ya fita, bai ci abinci ba.

Juma'a da Asabar Mama ba ta ce min uffan ba. Takan zuba min abinci ta rufe ta bari a kan tebur. In na shigo kicin ta fita, in na gaishe ta sai ta kalli bango. Babu wanda ya kira Auta a gidan nan kwana biyu cur. Yadin yana cikin kwandon wanki a dunƙule. Ku da kuke cewa in mutum ya faɗi gaskiya yakan ji sakayau, ni ban ji ba. Da ina da uwa da ɓoyayyen zunubi. Yanzu zunubin ya fito fili, uwar kuma ban san ko ina da ita ba.

Yau Lahadi, kuma ita ce ta farkon wata.

Na so in ƙi zuwa, amma ni na jera kofunan jiya, kuma ban san inda zan zauna in ba can ba. Na sa baƙin siket da wata tsohuwar riga ruwan toka, na ɗaura ɗankwali har gira. Na zauna a wurina, benci na uku, jikin bango. Mama ta shigo daga baya. Na ɗauka za ta koma wani layi. Sai ta zauna inda ta saba, kusa da ni, amma ta ajiye jakarta a tsakaninmu. Idonta a kumbure, ko hoda ba ta shafa ba.

Ban ji wa'azin ba. Na dai ji lokacin da Fasto ya ce kowa ya binciki zuciyarsa. Na ji ya ƙara da cewa teburin nan ba na waɗanda suka isa ba ne, na masu zunubin da suka san ba su da wata mafaka ne sai Yesu. Wataƙila kowane wata yana faɗin haka. Ni dai yau na fara ji.

Injiniya ne ya kawo tiren bakin bencinmu. Ina ganin shatin wayar Yaya a aljihun rigarsa. Bai kalle ni ba. Tiren ya taho hannu zuwa hannu, mutum biyar, huɗu, uku. Ni ce ta ƙarshe a layin, kuma babu hanyar da zai iso gare ni sai ta hannun Mama.

Ya iso gare ta. Ta ɗauki burodi, ta ɗauki kofi. Sai ta tsaya riƙe da tiren. Matar da ke gefenta ta leƙo. Na ce a raina, za ta mayar da shi baya, kowa ya gani, kuma daidai ne. Na sa hannuwana a ƙarƙashin cinya don in sauƙaƙa mata.

Sai tiren ya tsallako jakar ya tsaya a gabana.

"Ɗauki," ta ce, idonta yana gaba.

"Mama, ban cancanta ba."

"Na sani." Muryarta a dishe, ƙasa-ƙasa. "Ban yafe miki ba, ban kuma san ranar da zan iya ba. Amma wannan ba nawa ba ne, balle in hana ki."

Na zaro hannu na ɗauka. Ruwan inabin yana ɓarewa a kan yatsuna. Fasto ya ɗaga nasa, ya ce mu ci, mu sha tare. Duk majami'ar ta ɗaga kai lokaci ɗaya.

Mama ba ta kai nata baki ba. Ashe ba Injiniya kaɗai ya lura da kofina ba. Ta juyo, karo na farko tun ran Alhamis, ta zuba wa maƙogwarona ido tana jira.